Ranar da Umma ta ba 'yan sanda haƙuri

Shekarun baya, lokacin da 'yan sandan New York ke tare matasa a titi suna lalube su yadda suka ga dama, ni ne lauyan layinmu a unguwar Tremont. Lauyan da ko sakandare bai gama ba. Duk karatun da aka yi mana, darasi ɗaya ne ya zauna min, shi ma don ranar barci ya ƙi zuwa ne. Wai wasu dattawa masu farin gashin aro sun gaji da sarkin Ingila, suka fatattaki sojojinsa, suka taru a Philadelphia suka rubuta tsarin mulki. Daga baya suka ƙara cewa hukuma ba za ta bincika kayanka haka siddan ba, kuma in an tambaye ka kana iya kama bakinka.

Wannan ɗan guntun ilimin nake rabawa kyauta a shagon aski. Abokina ɗan Kumasi yakan ce, "Barista, Allah ya nuna mana ranar da za ka yi aiki da shi."

Addu'arsa ba ta daɗe ba. Wata rana bayan la'asar na taso daga kantin da nake aikin farke kwalaye, jakata a baya, 'yan sanda biyu suka tsayar da ni a ƙofar gininmu. Suka karɓi katina, suka shafa aljihuna, ba komai. Ɗaya ya ce in buɗe jakar. Na ce ban yarda a bincika ba, na ja bakina na yi gum. A lokacin katin izinin zama kawai gare ni, na san ko ƙaramar shari'a ce ta manne wa sunana, aiki da takarda duk suna iya tafiya.

Wallahi abin ya so ya yi aiki. Suka kalli juna, babban har ya fara miƙo min katina.

Sai ga mahaifiyata ta shawo kwana, ta dawo daga gidan tsohuwar da take kula da ita. Tana hango ni tsakanin masu kaki ta saki ledar hannunta. Kafin in ce uffan ta iso, ta rusuna, ta haɗa tafuka, da ɗan Turancinta tana cewa su yi haƙuri, yaro ne, ba zai sake ba.

Ɗan sandan ya janye katin. "Ba zai sake me ba?"

Ita ma ba ta sani ba. Mu a gida ai haƙuri ake fara bayarwa, daga baya a tambayi laifin.

Na ce da Hausa, "Umma, don Allah ki bari, sun kusa tafiya."

"Rufe min baki. Manya na magana kana tsaye ƙyam kamar falwaya. Me suke so?"

"Jakar. Kuma doka ta ce ba dole..."

"Doka ce ta haife ka? Mai gaskiya yana ɓoye jaka?"

Ta fizge ta daga kafaɗata ta zazzage a ƙasa don su ga irin tarbiyyar da ta yi. Ga caza, ga ragowar burodi, ga safa mara wanki, ga kuma wuƙar da nake yanka kwali da ita.

Haka aka tafi da Barista, wai an kama shi da makami.

Daga nan kotu ta zama gidan kawuna. A je, a zauna a benci, a kira sunanka, a ɗaga. Mai kanti ya gaji da uzurina ya sa wani a gurbina. Sai da sanyi ya shigo ya fita sannan alƙali ya kori ƙarar cikin 'yan kalmomin da ba su kai tsawon sallama ba, wai tun farko ba su da dalilin tare ni. Duk zaman nan Umma ba ta fasa ko ɗaya ba, tana gefe da carbinta.

A jirgin ƙasa muna dawowa ranar ƙarshe, na sake ɗauko mata labarin dattawan Philadelphia. Ta bari na gama.

"Ranar da suke rubutun, akwai mai kalarka a ɗakin?"

"Sai dai in mai kawo musu ruwa."

"To. Ni inda na tashi, wanda ya ce wa soja yana da haƙƙi, shi ake fara duka. Rusunawa ce ta dawo min da yayana gida da ransa."



Jama'a, ban taɓa jin haushinta ba. Ita ta yi abin da ta ga yana ceton rai, ni na yi abin da takarda ta ce, kowa da gaskiyarsa, kuma ni ne na sha zaman benci. Haƙƙin nan akwai shi, ban ce ƙarya ba ne, tunda a ƙarshe shi ya sake ni. Sai dai ɗaukarsa kullum a kai akwai gajiya. Yanzu Umma 'yar ƙasa ce, ranar zaɓe ita ke fara shiga layi, tana fitowa tana yi min gorin ta riga ni. Amma har gobe in muna tafe motar 'yan sanda ta rage gudu kusa da mu, sai ta yi ƙasa da murya. Ni kuma da na san dokar, sai in ga hannayena sun fito daga aljihu da kansu.