Rabi'atu da Cikin Ɗanta na Fari

Shekarar da aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, mutanen garinsu Rabi'atu suka watse cikin daji, wajen da Tsamaye take yanzu. Mijinta Na'Allah ya bi rundunar Gobir. Ya bar ta da uwarsa, Inna Laraba, da ɗansu na fari, Sammani, wanda aka yaye ana cikin gudu.

A maɓoyar ba a hura wuta, don kada mahaya su hangi hayaƙi. Babu kunu, babu miya. Gumba ake ci da goriba, ruwa kuma sai an yi tsimi. Manya suka jure, amma cikin yaron ya ɗaure.

Rabi'atu ce ta fara lura. Takan gan shi ya laɓe bayan kalgo, ya yi ɗage, ya matse ƙafafu, goshinsa na gumi. In ya yi yunƙuri sai ɗan abu ya fito, mai tauri kamar kashin akuya, da ɗigon jini. Zafin ya sa ya koma riƙewa, riƙewar kuma ta ƙara busar da shi.

Sai dai ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Yaro na kaka ne, ga Inna Laraba idonta ya yi rauni. Rabi'atu ta gwada kewayawa.

"Inna, kamar akwai yaron da ba ya cin abinci."

"Wane? Ɗiya sun hi ashirin nan wurin."

Rabi'atu ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da tsince gero.

Da cikin ya kumbura, yaron ya riƙa ƙara in an taɓa shi, Inna Laraba ta ce saifa ce, ta aika a kira wanzami ya yi masa tsaga. Aka shimfiɗa tabarma da hantsi, dattawa na zaune. Wanzami ya fito da aska, ya ce, "Ku riƙe mini angon ga."

Rabi'atu tana bayan zana. Ba ta san sa'ad da ta fito ba.

"Kada a tsaga shi. Sammani kashi ne ya ƙi mai. Na gani da idona."

Wani tsoho ya kau da fuska. Wata mata ta ce, "Iye! Ta shafa wa ido toka. Har da suna!"

Inna Laraba ta ce, "Ke, ɗiyar nan, gaban maza?"

"Za ni ɗauke shi, Inna."

Ta ɗauke shi. Ta jiƙa tsamiya ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ta haɗa masa da rabonta na ruwa. Ta roƙi dattawa, kanta a ƙasa, suka yarda ta hura 'yar wuta cikin rami. Ta yi masa miyar lalo da kunu mai ruwa-ruwa, ta zaunar da shi cikin ruwan ɗumi, ta shafa masa man shanu a dubura, inda ta tsage. In ya ci abinci sai ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora shi a kansu, tana murza masa ciki a hankali. Ba ta yi masa tsawa ko ya ɓata zane. Cikin ya saki da wuri. Tsoron ne ya daɗe bai sake shi ba, har damina ta faɗi.

Daga nan mata suka laƙaba mata Uwar Sammani, sunan da ba a kiran kowace mace da shi kan ɗan fari. Bakin rijiya, gidan suna, ko'ina. Duk sa'ad da ta ji, sai ta ja zane ta rufe baki. Da Na'Allah ya dawo ya ji labarin, ba ta iya haɗa ido da shi ba.

Ta tsufa a Sabon Birni bayan Gobirawa sun kafa shi. 'Yan mata masu goyon fari sukan shigo ɗakinta, su ce akwai wani yaro na maƙwabta da cikinsa ya ɗaure. Ba ta tambayar na wane ne. Sai ta ce su kawo shi ta bayan gida, ta tashi ta jiƙa tsamiya.