Simintin Ɗakin Inna

Talata: Kano zuwa Gezawa

Na fita daga gida ƙarfe biyar da rabi na asuba, ana sallame salla a masallacin layinmu. Baba ya rako ni bakin ƙofa yana dogara sanda, don ciwon ƙafa ya hana shi tafiya tun watan jiya. Aikena yake ƙauye in taho da mahaifiyarsa, Inna, kafin ruwan Agusta ya kankama. Labari ya iso mana cewa ɗakuna biyu sun rufta a unguwarsu cikin mako guda, ɗaya ma ya danne wata tsohuwa ta karye a ƙugu. Sunan Inna aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya faɗar sunana, sai dai Ummi.

"Ummi, maganarki kaɗai take ji," ya ce. "Kada ki dawo ba ita."

A tashar 'Yankaba na shiga ƙaramar bas, ta cika ƙarfe shida da minti ashirin. Na sami gefen taga. Da muka bar hayaniyar gari sai gonaki suka buɗe, gero da dawa da gyaɗa, babu tafin hannu guda da aka bari ba shuka. Itatuwan gawo kuwa tsirara suke tsakiyar wannan kore, su kaɗai ne ke zubar da ganye da damina, kamar masu takaba a gidan biki. Bayan Jogana muka tsaya a shingen jami'an tsaro, aka leƙa but ɗin motar, muka wuce. Ƙarfe bakwai da minti goma muna Gezawa. Na karya da koko da ƙosai a bakin tasha.

Gezawa zuwa ƙauye

Kilomita goma sha ɗaya ne kacal, amma sun ci mana awa ɗaya da rabi. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni, wani mai fara'a da ake kira Sale, ya tambaye ni ko na iya iyo. Na zaci wasa yake, sai da muka isa rafi na ga kwalbatin a karye, wai tun bara. Na riƙe takalmana na ratsa da ƙafa, ruwan har gwiwa, shi kuma ya tura babur. A tsallake muka yi kiciɓis da amalanken shanu ɗauke da wata mata kwance, an rufa mata zane, mijinta na riƙe da lema a kanta. Asibiti za su. Sale bai ƙara yin raha ba har muka shiga gari.

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin duba-gari, don haka idona ya riga zuciyata shiga ƙauyen. Na ga kududdufin da ake haƙar ƙasar gini ya cika ya matso bayan gidaje, sauro na tashi a kansa da rana tsaka. Famfon burtsatse ya lalace, an ɗaure hannunsa da tsumma, mata sun koma tsohuwar rijiya.

Inna na tsakar gida tana sheƙar wake. Ta ɗaga kai ta ce, "Takwara, wa ya mutu kika zo ba sanarwa?" Ta dama mini fura da kanta, sannan ta ja ni in ga ɗakinta. Ɗakin soro ne na ƙasa, amma bara Baba ya aiko magina daga birni suka shafe shi da siminti ciki da waje, suka yi masa shuɗin fenti. Babu irinsa a unguwar. Da na faɗi saƙon Baba sai ta yi dariya, ta ce geronta bai nuna ba, awakinta ba su san hanyar Kano ba, kuma masu ɗakin ƙasa ne za su ji tsoron ruwa, ita ɗanta ya sa mata siminti.

Na zagaya ɗakin da idon makaranta. Ban ga tsaga ko ɗaya ba. Har na yi niyyar kwantar wa Baba da hankali. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: ɗakin na wari irin na cikin randa, tabarmar ƙarƙashin gado kuma ta yi hunhuna.

Laraba: a ƙauye

Da hantsi Malam Ɗanjuma ya shigo gaishe ni. Tsohon magini ne, shi da marigayi kakana suka ɗora tubalin ɗakin nan, shi ne kuma ke yaɓe shi duk shekara kafin zuwan siminti. Na gaya masa zancen warin. Ya je ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsunsa. Sai bangon ya amsa kamar ƙwaryar da ba komai a ciki. Ya tsuguna ya soka ƙusa a wata 'yar kafa kusa da ƙasa, ya zaro ta jiƙe da taɓo.

Ya yi mini bayani a hankali. Bangon ƙasa, in ji shi, yana shan ruwa ya kuma fitar idan rana ta buɗe. Yaɓen makuba, wanda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, yana kare shi ba tare da ya toshe masa numfashi ba. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa. Ruwa ya bi ta gindin indararo ya shiga tsakani, ya rasa hanyar fita. Da ɗakin ƙasa ne zalla, da tuni ya tsage ya yi gargaɗi. Wannan ba zai yi gargaɗi ba, azarar rufin tana zaune ne kan taɓo, ruwan kirki ɗaya ya ishe ta.

Inna ta ji komai. Ta zauna a dokin ƙofa ta daɗe tana kallon shuɗin fentin.

"In na fita daga ɗakin nan," ta ce, "gobe a bakin rijiya za a ce ɗana ya kusa kashe ni da alherinsa. Ban haife shi don a yi masa dariya ba."

Na roƙe ta har muryata ta dishe. Bayan la'asar na samu ta bi ni tudun bayan makaranta, inda kaɗai waya ke kamawa. Na faɗa wa Baba gaskiya.  Sai ya ce in ba ta wayar, na kuma ji shi yana cewa kuskurensa ne, ta yafe masa, ta fita. Inna ta ce ya rufe mata baki, wa ya tambaye shi. Amma a daren a bukkar da take ajiye harawa muka yi shimfiɗa.

Alhamis: komawa gida

Da sassafe muka kwashe gado da kwanuka. Inna ta sa aka kira mata matan maƙwabta. Da suka taru sai ta ɗaga murya, ta ce ta gaji da siminti, sanyinsa ya shiga ƙashinta, ita ɗakin ƙasa take so irin wanda aka kawo ta cikinsa, ɗanta kuma ya yi iya ƙoƙarinsa ya hana ta, ta ƙi. Ta ɗauki taɓarya ta daki bangon da kanta. A bugu na uku wani faifan siminti ya ɓalle, taɓo ya biyo bayansa yana zuba kamar kunu.

Kowa ya gani. Sai wata dattijuwa ta gyara mayafi ta ce ai gaskiya ne, siminti akwai sa sanyin ƙashi. Sauran suka ce haka ne.

Kano dai Inna ta ce ba za ta ba. Malam Ɗanjuma zai sauke rufin kafin ya faɗo da kansa, da kaka kuma ya tayar da sabon bango, tana son a yi a gaban idonta. Na baro ƙauyen ƙarfe goma sha ɗaya, hadari na haɗuwa a gabas. Na sake ratsa rafin, na sami mota a Gezawa ƙarfe ɗaya, ruwa ya kama mu a hanya, mai ƙarfi, har direba ya tsaya a gefen titi. Ina kallon ruwan yana dukan gilashi, a karo na farko cikin kwana uku ban ji tsoronsa ba.

Ƙarfe uku da minti arba'in na isa gida. Baba na zaure, ya dubi bayana bai ga kowa ba. Na zauna na ba shi labarin taɓaryar da abin da Inna ta faɗa wa mata. Ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa, ni kuma na shiga ciki na bar shi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma riƙe rufin nan har muka fita daga ƙarƙashinsa. Na gode wa Malam Ɗanjuma, da matan unguwar Inna, waɗanda suka ga taɓo da idonsu suka ce sanyi ne.