Wadda Ta Ce Shida A Ɗakin Ajiya

Jama'a, ku karanta wannan da natsuwa, don ni ba na ƙage, kuma wallahi a kaina abin ya faru. Shekarun baya ina aikin nas a wani ƙaramin asibiti a Romi, kullum daga Tudun Wada nake zuwa aikin safe in tashi ƙarfe biyu na rana.

Zan fara da halin da nake ciki, don ku gane dalilin taurin kaina. Mu biyar ne a aikin safe, marasa lafiya kuwa har baranda, babu zama babu cin abinci, har gajiya ta kai ni inda mutum zai yi kuka a gabana in ji haushinsa kawai, hannuna kuma ya fara rawa. Wata rana na zuƙi allurar wani na nufi gadon wani, Allah ne Ya sa na sake duba kati. Ranar na yi alkawari in haka ta kuma faruwa zan bar aikin, kafin in kashe ɗan mutane.

A wannan watan ne shugabarmu, Sista Rahila, ta dawo daga wani taron horo da wani tsari. Da mun miƙa aiki ga 'yan rana sai mu shiga ɗakin ajiya da ke bayan ɗakin magani, mu zauna a da'ira, mu rufe ido minti goma. Mu ja numfashi a hankali mu sauke, duk saukewa ɗaya wani ya faɗi lamba, na kusa da shi ya faɗi ta gaba, in an kai goma a koma ɗaya. Na tambaye ta ko wani addini ne. Ta ce in yi zikirina a zuci, ita ma addu'arta take yi, numfashi kawai muka haɗa.

To ku lura da lissafin. Sista ce ke farawa, ni ne na ƙarshe, saboda haka kullum ita ke da ɗaya da shida, ni nake da biyar da goma. Wata biyu muna haka, rawar hannu ta tafi, barci ya dawo mini, har iyalina suka ce na daina faɗa a gida.

Ran wata Laraba na ce biyar, sai wata murya ta mace, a gefena na hagu, tsakanina da Sista, ta ce shida. Murya ce mai nauyi, irin ta wadda ta yini a tsaye. Sai Sista ta ce bakwai. Goma ta faɗa kan Dauda mai ɗakin magani, wanda tara ce tasa tun da muka fara. Na buɗe ido, kowa ya buɗe, mu biyar ne cif, ƙofa a rufe, rana tsaka. Sista ta ce ta ɗauka gyangyaɗi ya ɗebe ta har wani ya faɗar mata. Kowa ya rantse bai faɗa ba. Dauda ya riga kowa fita, takalminsa ɗaya a ciki.

Washegari Sista ta sa kwaɗo a ƙofar. Wani ɗaki kuwa babu, ko'ina gadaje ne da mutane. Na gwada yi a gida, yara suka hana. Bayan kwana takwas, na tsaya zan sa wa wata tsohuwa ruwa, na ga allura tana rawa a hannuna kamar da. Ina miƙa aiki na je na ce Sista ta ba ni makulli.

"Malam, ka rufa mana asiri. Idan wani abu ya same ka a ciki, me zan ce wa iyalinka?"

"Sista, idan na yi wa wani allurar da ba tasa ba, me za ki ce wa nasa iyalin?"

Sai ta miƙo mini makullin.

Na shiga, na yi bisimilla, na karanta Ayatul Kursiyyu, na zauna a kujerata. Ba zan ce muku ban ji tsoro ba. Amma na ɗaga murya na ce ko wace ce, ta sani minti goman nan nawa ne, da guminna na same su, kuma ba mutum ba aljan da zai kore ni. In hutawa take so, ga wuri, ta zauna ta bi tsari.

Na rufe ido na ce ɗaya. Shiru. Na ci gaba ni kaɗai, zagaye na farko, na biyu, babu komai, har kafaɗuna suka sauka. A na uku hankalina ya tafi kan tsohuwar nan, na ce shida, na ce takwas. Sai na ji an sauke numfashi dab da kunnena na hagu, aka ce a hankali:

"Malam, ka tsallake bakwai."

La ilaha illallahu. Gashin jikina duk ya miƙe. Amma ban buɗe ido ba, ban tashi ba. Na koma na ce bakwai, na kai goma, na cika mintina, na kulle ɗaki na mayar da makulli.

Shekara uku na ƙara a asibitin nan ina shiga kullum, daga baya Sista ta dawo muna zama tare, Dauda dai har na bar wurin bai sake leƙawa ba. Ban sake yin kuskuren allura ba. Muryar ba mu sake jin ta ba, kuma mun tambayi tsofaffin ma'aikata, babu wanda ya san komai game da ɗakin. Ni ma ban sani ba har yau, sai dai duk lokacin da na zauna ina ƙirga, kunnena na hagu yakan yi sanyi.

Shawarata ga 'yan'uwana ma'aikatan lafiya: ku ware minti gomanku, kada ku bari shugaba ko cunkoso ko tsoro ya ƙwace muku. Ku yi addu'a kafin ku zauna. Kuma in kun fara ƙirga, ku ƙirga daidai, don ba ku san wa ke bin ku da lissafi ba.