Ina Auna Ruwan Sama, 'Yata Tana Ɗingishi

Lokacin da na sauka Kuala Lumpur ina da shekara talatin da 'yan kai. Malama ce ni a wata jami'a a gida, aka ba ni gurbin yin digiri na uku a fannin injiniyan sadarwa. Maigidana bai samu damar barin aikinsa ba, don haka muka yi shawara na taho da 'yarmu tilo, wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba. Siririya ce a lokacin, har kakarta ta wajen uba kan yi mini gori wai ba na ba ta abinci. Ni kuwa mace ce mai zafin nema, wadda tun tana ƙarama ba ta yarda a wuce ta a aji. Na zo da niyyar in gama da wuri, in koma gida da suna.

Bincikena a kan yadda ruwan sama ke raunana igiyar rediyo ne, wato abin da ke sa hoton talabijin ya ɗauke ko waya ta riƙa yankewa idan an kece da ruwa. Babu ƙasar da ta fi nan dacewa da wannan aiki, domin sau da yawa da la'asar sai sama ta yi baƙi. Muna da na'urori a kan rufin tsangayarmu, kuma da zarar hadari ya haɗu dole in kasance kusa da su. Malamin da ke duba aikina, wani dattijon Bamalaye mai kirki, ya gaya mini tun farko cewa ba za a ba ni digiri ba sai maƙaluna sun fito a manyan mujallu. Akwai kuma wani shafi a intanet da ke nuna sau nawa masana suka ambaci aikinka a nasu rubutun. Wannan shafi ya zame mini jaraba. Ina idar da sallar asuba shi nake fara buɗewa.

A unguwar Taman Melati muka kama gida, can saman wani dogon bene. A ƙasanmu akwai mamak, irin shagon abincin Indiyawa Musulmi da ba ya rufewa. Da farko ina girki, amma da aiki ya yi mini yawa sai na koma tapau, wato a ƙunsa maka ka tafi da shi gida. Da yarinyar ta ɗan tasa sai na yi magana da mai shagon, duk abin da take so a ba ta idan motar makaranta ta sauke ta. Roti, wata irin gurasa mai maiƙo, soyayyiyar kaza, soyayyiyar taliya, da shayi mai madara da ƙanƙara wanda zaƙinsa har hawa kai yake yi. Ta hau sama ta kulle ƙofa kamar yadda na umarce ta, ta zauna gaban kwamfutar hannu har in dawo. Ni na hana ta sauka wasa, don ina tsoron abin da zai same ta a ƙasar da ba mu da kowa. A ganina na tsare ta, na ciyar da ita, me ya rage?

Ta fara cika, ni kuma na ji daɗi. Idan muka kira gida ta bidiyo kakarta har guɗa take yi, tana cewa Malesiya ta karɓi jikarta, ga kumatu ga wuya masha Allah. Matan 'yan Najeriya da muke haɗuwa a walima su ma yabo suke yi, wai an ga 'yar hutu. Ban taɓa jin wani ya ce mini ƙibar yaro ciwo ce ba, kuma duk karatuna ban tsaya na yi tunani ba. Na dai lura tana minshari, tana yawan shan ruwa, kuma bayan wuyanta ya yi baƙi ƙirin. Na ɗauka dauɗa ce. Na sha zaunar da ita a banɗaki ina dirje wurin da soso har ya yi ja, ina yi mata faɗan ƙazanta, ita kuma tana kuka tana rantsuwa cewa ta yi wanka.

Wajen shekararta goma ta fara cewa gwiwarta na ciwo. Ya zo daidai da lokacin da nake gyaran wata maƙala da aka dawo mini da ita, kaina ya ɗau zafi. Na shafa mata man zafi na ce ta daina raki. Da ta fara ɗingishi, musamman ranar da suke da wasannin motsa jiki, sai na ce lalaci ne. Ban san cewa 'yan ajinsu sun laƙaba mata sunan giwa da harshen Malay ba, ban kuma san ta daina cin abinci a gabansu ba, sai ta dawo gida ta rama. Yarinyar da ta saba ba ni amsa da Turanci ta koma ba ta ba ni amsa da kowane harshe.

Wata rana ina kan rufin tsangaya, hadari ya haɗu sosai irin wanda na daɗe ina jira, malamarsu ta kira ni. Ta ce 'yata ta zame a matakala, ba wata muguwar faɗuwa ba ce, amma ta kasa tashi, kuma ko taɓa ƙafar aka yi ihu take yi. Ban san yadda na sauko ba. A asibiti aka ɗauki hoto, likitan ƙashi ya nuna mini cewa matsalar ba a gwiwa take ba, a ƙugu take. Kan ƙashin cinyarta, wurin da bai gama ƙwari ba, ya goce saboda nauyin da yake ɗauka. Ya ce ya daɗe yana gocewa a hankali, faɗuwar ƙarasa shi kawai ta yi, kuma da an kawo ta tun tana ɗingishi da aikin ya zo da sauƙi. Aka yi mata tiyata aka sa ƙarfe. Ina zaune a bakin ɗakin tiyatar ni kaɗai, babu uwa babu 'yar'uwa, sai maigidana a waya yana ta maimaita mini cewa in yi ta addu'a.

Bayan tiyatar aka haɗa mu da wata likitar yara, Ba'indiya, wadda ba zan manta da ita ba. Ta ɗaga kitson yarinyar ta duba wuyanta, ta ce wannan ba dauɗa ba ce, alama ce cewa jiki ya fara kasa sarrafa sukari, kuma gwajin jini ya tabbatar tana bakin kamuwa da ciwon sukari. Sai ta tambaye ni abin da yarinyar ke ci a yini. 'Yata ce ta lissafa mata da kanta, a hankali, tana satar kallona kamar mai tsoron kada ta tona mini asiri. Na fashe da kuka a gaban likitar. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ta ga iyaye da yawa irina, masu ƙaunar 'ya'yansu, waɗanda rayuwar birni ta fi ƙarfinsu. Ta gargaɗe ni da abu biyu: kada in kuskura in sa yarinyar ta ji ita ce mai laifi, kuma kada a ware mata abinci. Abin da za ta ci shi zan ci.

Na je na sami malamina na ce zan dakatar da karatu na zango guda. Na zaci zai ɓata rai, sai ya ce ruwan sama ba zai ƙare a ƙasarsu ba, in je in kula da 'yata. Na koma kasuwar Chow Kit ina sayo kabewa, alayyafo da kifi, na kuma samu kuka da daddawa wajen wata 'yar Kano da ke kawo kayan gida. Ba da sauƙi aka sha ba. Akwai ranar da na tarar ta ɓoye biskit a cikin rigar filo, da na yi magana ta ce ai ta san na daina son ta ne don ta yi ƙiba. Ranar na zauna a ƙasa kusa da gadonta na nemi gafararta, na tuna mata abin da likita ta ce game da wuyanta, na ce ita ce mai gaskiya tun farko. Sai ta ce, “Mama, ai na gaya miki na yi wanka.” Daga ranar ta dawo tana yi mini hira. Da ta ajiye sandunan da take dogarawa bayan tiyata muka fara iyo a wurin wankan da ke ƙasan benenmu, wanda shekaru muna wucewa ta gefensa ba mu taɓa shiga ba.

A zuwa asibitin da muke yi ne likitar ta ji irin aikina. Ta ce suna wani bincike, suna ɗaura wa yara ƙananan na'urori don sanin yawan motsinsu, amma saƙon na'urorin yana yawan yankewa a cikin gidajen bene. Wannan kuwa fannina ne. Na taimaka musu, muka yi rubutu tare, kuma abin mamaki shi masana suka fi ambata a duk abin da na taɓa rubutawa. Yanzu na gama digirina, ina koyarwa a nan. Idan aka gabatar da ni a taro aka ce na yi fice a fannoni biyu da ba su da dangantaka, igiyar rediyo da ƙibar yara, murmushi kawai nake yi, don na san abin da aka biya. 'Yata tana sakandare, sukarinta ya daidaita, alhamdulillahi. Amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Idan ta gaji sai ka ga tana ɗan jan ta, kuma likitoci sun ce wataƙila da haka za ta rayu.

Na rubuto wannan ne domin iyaye, musamman 'yan'uwana da ke karatu ko fatauci a ƙasashen waje da yara a hannu. Mu daina auna jin daɗin yaro da kumatunsa. Idan ya ce wani wuri na masa ciwo, a yarda da shi a kai shi asibiti, gara likita ya ce ba komai. Kuma a ji tausayin uwar da ke fama ita kaɗai, a leƙa ta, a gaya mata gaskiya cikin taushi maimakon yabon da zai rufe mata ido. Karatu da nema duk suna iya jira, na gani da idona nawa ya jira ni. Ƙashin yaro mai tasowa ne ba ya jiran kowa.