Waƙar da Ozur ya yi wa Yorun

Ozur masassaƙi ne a wani kwari na ƙasar Aislan, mutum mai son sanin yadda aka yi komai. Ya taɓa wargaza gangar nonon maƙwabcinsa don ya gano abin da ya hana ta yoyo. Sai da furfura ta fito masa sannan ya so sanin yadda ake yin waƙa. Ya zauna ya haɗa baitoci yadda yake haɗa katako, ya sa sunan Yorun, bazawarar ƙetaren rafi, saboda sunan ya shiga gurbin daidai.

Doka kuwa ta hana namiji yi wa mace waƙar so, don ana tsoron waƙa tana juya zuciya kamar asiri. Grimkel, yayan Yorun, ya kai ƙara babban taro. In laifi ya tabbata, Ozur zai bar ƙasar, gonarsa da tumakinsa su zama na wasu.

Alƙalai suka zauna a kan duwatsu, suka ce ya rera. Ya rera. Ya kamanta idon Yorun da na kifin da bai daɗe da mutuwa ba, ya kuma yabi goshinta da cewa gara ba ta taɓa shi ba.

Can sai dattijon alƙalan ya yi gyaran murya.

"Grimkel ɗana, ka san da Odin, babban abin bautarmu, ya sato giyar zuma a wurin wani ƙato, wadda in ka sha sai waƙa, ya shanye ta, ya rikiɗa ya zama gaggafa, ƙaton mai giyar ya biyo shi? Wadda ya amayar ta baki, ita mawaƙa ke sha. Amma tsoro ya sa wata ta kuɓuce masa ta baya, ta zuba ƙasa, kowa ya ɗiba."

"Na sani, baba."

"To, doka a kan ta baki take magana."

"Ni ma na ji waƙar," in ji Yorun daga cikin taro. "Zuciyata tana nan inda na ajiye ta, Ozur. Goshin ne dai ba na yafewa."

Aka sallami Ozur da gonarsa da tumakinsa. Mutane na ta dariya, shi kuwa ya tsaya yana duban sama. Sannan ya ja rigar dattijon.

"Baba, wato da ƙaton nan bai biyo gaggafar ba, da ni ko ɗigo ban samu ba?"

"Ko ɗigo."

"Ikon Odin! To, akwai wanda ya taɓa yi wa ƙaton nan godiya?"