Ƙwan Kawu

Jiya a tashar Tasawa warin fenti ya bugi hancina, sai na tuna marigayi Kawu, mai zanen allunan shaguna. Zanen fuskoki na je ya koya mini, amma kullum da safe sai ya miƙo gawayi: "Cika bangon nan da ƙwai." Wai daga ƙwai zanen kan mutum yake farawa.

Ran nan haushi ya ishe ni, na yi jifa da gawayin. "Haba Kawu, ni kaza ce?"

Bai ko ɗago ba. "Kaza ba ta yin karkatacce. Ɗauka."

Har ya rasu bai yaba ko guda ba. Ga ni yau, ina zana su ina tsaki. Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya haskaka makwancinka.