Duwatsun Murhu a Gaɓar Al-Lis

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, yayana ya shigo gida ya ce ya kama mana shale, wato gidan hutu na haya, a bakin tekun Shu'aiba, za mu je mu yi 'yan kwanaki. Lokacin sanyi ne, jigilar masu umara da yake yi daga tashar Kudai ta ɗan lafa, ya ce shi ma yana so idonsa ya huta da ganin akwatuna. Ni kuwa kafin ya rufe baki na fara haɗa kaya. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta Misfala a nan Makka ya san dalili. Ka buɗe taga, bangon otal. Ka ɗaga kai, dutse. Teku nake so, da hotuna, da gasasshen kifi, kuma kada kowa ya ce mini tashi ki yi wanke-wanke.

Mu huɗu za mu tafi: ni, da yayana, da mahaifiyata, da kakata wadda ta haifi mahaifiyata. Kaka ce ta ɓata mini shiri. Ta ce za ta je, amma sai an kai ta ta nemi kabarin mahaifiyarta.

Labarin ba sabo ba ne a gidanmu. Kaka tana ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Kano, suka bi ta Chadi da Sudan, suna tafiya suna tsayawa aikin gona don su sami guzuri. Daga Sawakin suka hau jirgin katako suka tsallako teku. Mai jirgin bai kai su Jidda ba, ya sauke su a wata gaɓa da babu kowa can kudu, ya juya abinsa. Mahaifiyar Kaka ta sauka da zazzaɓi a jiki, nan take ta cika, ba ta ga Makka ba. A bakin ruwan aka binne ta, sauran suka ci gaba da ƙafa. Tun daga nan Kaka ba ta sake zuwa bakin teku ba. Ko Kornish ɗin Jidda aka ce a je, sai ta ce gwiwarta ta motsa.

Na ce mata, "Kaka, gaɓar nan fa har Yaman ta kai. Ta ina za mu fara?"

"Ta inda motar yayanki ta tsaya," in ji ta. "Ke dai ki taho da bakinki, shi ne ba ya gajiya."

Abin da take iya tunawa bai taka kara ya karya ba: wani farin tudu da ruwa ya cinye gindinsa, da wasu itatuwa masu tsirowa a cikin ruwa. Shi ke nan. Da wannan muka fita nema, alhali gaɓar daga Shu'aiba har ƙasa cike take da irinsu.

Shalen da aka biya kuɗinsa ya koma wurin kwana kawai. Kullum da safe muna cikin mota. Kada in yi wa wurin ƙarya, yana da kyau. Ruwan kore ne shar kusa da gaɓa, can ciki kuma ya koma shuɗi mai duhu, kana tafiya a cikinsa har ka gaji bai wuce gwiwa ba. Ƙaguwa na tsere a kan rairayi, raƙuma na kiwo kusa da ruwa kamar su ma hutu suka zo. Ga iyalai sun kafa tantuna, yara na ta ihu a cikin ruwa, ni kuma ina kujerar baya riƙe da sandar Kaka. Duk farin tudun da muka hango sai yayana ya tsaya, ya kama hannunta su hau a hankali. Ta dubi dama, ta dubi hagu, ta shaƙi iska, ta ce, "Ba nan ba ne." Mu sauko.

A tudu na ban-san-nawa na kasa daurewa. Na ce wa mahaifiyata da Larabci, don kada Kaka ta ji, "Wallahi Umma, wannan ba hutu ba ne, sa'ayi ne."

Kaka ta amsa mini da Larabcin da ya fi nawa tsufa: "To cika bakwai tukuna." Yayana ya yi dariya har ya kusa shigar da mu cikin rairayi.

Ana gobe za mu koma gida muka gangara garin Al-Lis. Ƙaramin gari ne, ƙamshin kifi da na man jirgi sun cika shi. A kasuwar kifi yayana ya sayi manyan kifaye, ya tsaya hira da wani tsoho mai sayar da jatan-lande. Tsohon ya ce yana yaro ya ji ana cewa jiragen Takarna, wato mu ke nan, suna sauke mutane a wata gaɓa arewa da garin, inda hanyar kwalta ba ta kai ba. Ya yi kwatance da hannu, muka bi.

Wurin babu kowa. Babu tanti, babu shago, ko gwangwanin lemo babu a yashe. Doguwar gaɓa ce, da fararen tuddai nan da can. Yayana ya sauke ni da mahaifiyata da kayan girki a gindin wani tudu mai ɗan inuwa, ya ce mu ɗora abinci, shi zai bi gaɓa da Kaka a mota su duba can gaba. Sai da suka ɓace muka gano an manto tukunyar gas a shale. Ga gawayi, ga shinkafa, ga albasa, ga kifi, babu abin da za a ɗora tukunya a kai.

"Nemo mini duwatsu mu haɗa murhu," in ji mahaifiyata. "Uku na tukunya, uku na butar shayi. Yalla, rana na yi."

Na fita ina mita. Mu da duwatsu suka kewaye mu tun haihuwa, ban taɓa sanin akwai ƙasar da ake neman dutse a rasa ba. Rairayi ne kawai da ɓawon kifi da gutsuren murjani, wanda ka matsa shi ya ruɓushe. Yunwa na cina, iska na cusa mini yashi a ido. Na zagaya bayan tudun, na hau wani fili mai ɗan bisa, sai ga su. Duwatsu baƙaƙe, masu santsi, kowanne kamar kan yaro, rabinsu a nutse cikin ƙasa. Har hamdala na yi. Na sa hannu na girgiza, na tumɓuke, na yi ta jigila a cikin abayata. Ban ma ɗauka a jere ba, zaɓa na dinga yi, wanda ya fi faɗin kai shi nake cirewa.

Mahaifiyata ta yaba mini, abin da ba kasafai take yi ba. Ta soya albasa har ta yi duhu, ta zuba shinkafar sayadiyya, wadda ake dafawa da kifi, shayi ya tafasa.

Suka dawo bayan la'asar. Daga yadda yayana ya fito da Kaka daga mota na san ba a dace ba. Ta zauna a kan tabarma, ta cire takalma, ta ce, "Halas, ya isa haka. Na gode muku. Gobe mu koma gida." Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba. Gaskiya na ji tausayinta, amma kuma wani ɓangare na zuciyata ya ce to madalla, ko yau ɗaya na shiga ruwa.

Na miƙa mata shayi. Ta kurɓa, idonta na kan wuta. Ta sake kurɓa. Sai ta ajiye kofin.

"'Yar nan, a ina kika samo duwatsu a wannan rairayin?"

"Bayan tudun nan," na ce, ina jin kaina. "An jera su biyu-biyu kamar ni ake jira."

Yayana ya juyo. "Biyu-biyu yaya?"

"Ɗaya nan, ɗaya can. Sai ka matsa gefe, wani ɗaya nan, ɗaya can."

"Tsakaninsu kamar yaya?"

"Oho, Yaya, awo na je yi? Kamar dai tsawon mutum in ya kwan..."

Ban ƙarasa ba. Kunnena ne ya ji abin da bakina ya faɗa. Mahaifiyata ta yi salati a hankali, ta sa gefen mayafinta ta sauke tukunyar daga wuta, ta sauke butar. Babu wanda ya yi mini faɗa. Da ma an yi, da ya fi mini sauƙi.

Na san wasunku za su ce, ke da kika san kabari aka fito nema, ta yaya? To ni ban taɓa ganin kabari ba. A nan mace ba ta shiga maƙabarta. A yi wa mamaci salla a Harami, maza su ɗauke shi da sauri, mu mu koma gida karɓar gaisuwa. Maƙabartar Ma'ala na sha wuce ta a mota, amma katanga nake gani. A kaina kabari tudun ƙasa ne da allo a kafe, irin wanda nake gani a hotunan da dangi ke turowa daga Najeriya. Ba wanda ya taɓa ce mini dutse biyu ne kawai a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Kwana da kwanaki muna yawo, ban tambaya ba, su ma ba su zaci akwai buƙatar faɗa ba.

Na zabura na ɗauki bokiti zan ɗebo ruwan teku in watsa wa duwatsun su huce, in mayar da su yanzu-yanzu. Kaka ta ce, "Ajiye. Za su fashe. Bar su su huce da kansu."

Yayana ya janye garwashin da cokali, muka zauna muna kallon duwatsu. A rayuwata ban taɓa jiran da ya yi mini tsawo irin wannan ba. A wannan zaman Kaka ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa mana ba. Ta ce ranar da aka binne mahaifiyarta an rasa dutsen da za a yi alama. Babanta ne ya shiga ruwa har ƙirji ya bi jirgin kafin ya yi nisa, ya roƙi biyu daga cikin duwatsun da ake zubawa a cikinsa don ya yi nauyi. Baƙaƙe ne, masu santsi. Ta ce ta manta da su sam, sai da ta gan su a ƙarƙashin butar shayi.

Da suka huce muka ɗauka. Kaka ta miƙe da sandarta. Yayana ya yi ɗan jim, ya ce, "Kaka, ko ku jira a nan, ni in je..."

"Ranar da aka sa ta ina tsaye," in ji ta. "Ba wanda ya kore ni."

Sawuna ne suka kai mu. Da na hau filin na ga abin da idona ya ƙi gani da farko. Ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Suna kwance gefe da gefe, duk sun miƙe hanya ɗaya, wasu dogaye, ɗaya gajere ƙwarai. Yayana ya duba alƙibla a wayarsa, ya mayar da ita aljihu. Ramukan da na bari suna nan, iska ta fara cike su da yashi. Na durƙusa ina tonowa da yatsu. Ramukan na gane, amma wane dutse ne na wane rami, ban sani ba. Na dinga gwadawa ina juyawa, ina kuka, hannuwana sun yi baƙi ƙirin da gawayi. Na fara goge ɗaya da gefen abayata, baƙin ya ƙi fita.

Kaka ta bi tsakaninsu a hankali, ta tsaya a kan wannan, ta matsa ta tsaya a kan wancan. Mahaifiyata ta tambaye ta da ƙaramar murya, "Kin gane nata?"

Ta girgiza kai. "Ni da ban kai tsayin turmi ba a lokacin? Ban ma rantse nan ne ba. Amma waɗannan mutanenmu ne, ta ruwa suka zo." Sai ta yi musu sallama gaba ɗaya, ta yi addu'a da Hausa, doguwa, ta roƙa wa kowa a cikinsu har da mai gajeren kabarin. Da ta shafa ta dubo ni, ina ta fama da gogewa.

"Bar shi haka," ta ce. "Inna mai girki ce. In nata ne, hayaƙi ba baƙonta ba ne."

Shinkafar nan babu wanda ya ci. Mun mayar da ita cikin mota yadda take, muka kama hanya. Kaka ta yi barci tun kafin mu hau kwalta, kanta a kafaɗata, ban motsa ba har Shu'aiba. Bayan mun dawo Makka ba ta ƙara ta da maganar neman kabari ba. In baƙi suka zo sai ta ce ta je ta gaida Inna, jikarta ce ta gano wurin. Sauran labarin ba ta faɗa, ni ce mai faɗa.

Kada ku zaci na zama mai haƙuri, har yau a gida ana kuka da bakina. Abin da ya canja kaɗan ne: in aka ce mini a nemo abu, nakan tsaya in tambayi kamanninsa tukuna. Na koma teku sau da yawa bayan nan, na shiga ruwan, na yi hotunan da nake so. Amma duk lokacin da na ɗora buta a wuta sai abin ya faɗo mini. Har gobe ban sani ba ko a kan alamar kabarin kakar mahaifiyata na dafa wa 'yarta shayi.